Ranar da Ƙafar Lukumanu Ta Taɓa Ƙasa

"Bappa ya ce ba zai ba ka ni ba."

Haka Rumasa'u ta faɗa, kanta a sunkuye, tana murza gefen hijabinta. Suna zauren gidan goggonta Turai a cikin garin Rogo, inda ta zo wuni daga ƙauyensu Beli, ita a kan tabarma, Lukumanu a bakin dakali. Ruwan da aka yi da hantsi bai gama ɗiga daga indararo ba.

Lukumanu ya gyara zama. Ya san da maganar, don kawunsa ya je Beli neman izini wurin Bappa Sulle, waliyyinta, ya dawo ko ido ba ya son haɗawa da shi. Amma jin ta daga bakin Rumasa'u daban ne.

"Me na yi masa, Ruma? Aikina ne bai yi masa ba? Shanunsa ma fa ni nake yi wa allura."

"Ba aikinka ba ne."

"To danginmu?"

"Ya ce gidanku ba shi da abin faɗa. Ya san mahaifinka tun suna samari."

"To mene ne?"

Ta ɗago. Idanunta sun yi ja, da alama tun a gida ta fara kukan.

"Ya ce kai daga sama kake gaida mutane."

"Daga sama kuma?"

"Ya ce kullum yana zaune da dattawa a gindin ɗorawa, sai ka taho a kan wannan dogon babur naka, ka ɗaga musu hannu kamar wani gwamna, ka wuce su. Sai ka je bayan gida ka ajiye abinka, sannan ka tako ka zo ka durƙusa. Ya ce shi ba ya karɓar gaisuwar da sai an gama wuce shi ake dawo masa da ita." Ta share ido da gefen hijabi. "Ya ce Nuruddeen tun daga bakin gonar gyaɗa yake sauka, ya turo babur ɗinsa da hannu. Ranar Juma'a mutanensa za su zo, Lukumanu. Bappa ya ce su zo."

Nuruddeen ɗan ƙanwar Bappa Sulle ne, mai shagon takin zamani a Rogo. Ya daɗe yana zagaye gidan, kuma duk Beli an san ba wanda ya kai shi iya durƙuso.

Lukumanu ya juya ya kalli ƙofar zauren. Ga babur ɗin nan a waje, ya kafe shi daf da dakalin da ya taka ya sauka. Fari da shuɗi, tayoyinsa masu haƙora, tankinsa kamar tulu, irin wanda matafiya ke keta hamada da shi. Na yayansa Mujahid ne, wanda ciwon ciki ya ɗauke bara. Mujahid dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ɗakin mahaifiyarsu. Shi kuwa Lukumanu mahaifiyar tasu ya ɗauko, ɗan dunƙule, ko a sahun masallaci kafaɗar mutane yake gani.

Tun da ya gaji babur ɗin bai taɓa sauke ƙafa biyu a ƙasa ba. Daga Yola ta Karaye har rugagen Gwangwan babu kututture, ko bakin kwalbati, ko kunyar gona mai tudu da bai haddace ba, don a nan kawai yake iya tsayawa. Sau ɗaya ya gwada tsayawa a fili, a wata hanyar shanu, babur ɗin ya kwanta a kansa, ya daɗe a ƙarƙashi yana kallon sama kafin wasu makiyaya su zo su ɗaga. Gindin ɗorawar Bappa Sulle kuwa rairayi ne shimfiɗe, babu ko dutsen da za a taka. Sai bayan gida, inda wani tsohon suri yake.

Wannan bai taɓa gaya wa kowa ba.

"Sauri ne yake sa ni," ya ce a hankali. "Kin san aikinmu."

"Ka dube ni ka sake faɗa."

Ya kasa.

"Ƙafarka ce ba ta kai ƙasa."

Da mari ta yi masa da ya fi masa sauƙi. Ya ji zafi ya taso masa tun daga wuya har kunnuwa.

"Wa ya gaya miki?"

"Idona. Ta katangarmu ina ganinka duk ranar da ka zo, kana lallaɓawa kana neman surin nan da ƙafa kamar mai neman takalmi a duhu." Dariya ta so ƙwace mata, sai ta koma kuka. "Na yi shiru ne don na ga ba ka so a sani. Amma yanzu shirun nan zai raba mu. Ni fa na fi ka tsawo, Lukumanu, kuma tun ranar farko na gani. Ka taɓa jin na ce wani abu? Ni da zan zauna da kai ban damu ba, sai kai ne za ka tsaya kana ɓoye abin da Allah ya yi?"

"Ki yi haƙuri, Ruma. Daina kukan nan, don Allah."

"Ba zan daina ba. Ka je ka gaya wa Bappa gaskiya."

"In tsaya a gaban dattawan Beli, da Nuruddeen a zaune, in ce ƙafata ba ta kai ƙasa? Har jikokinmu sai an riƙa yi musu waƙa da shi." Ya goge fuska da tafin hannu. "Zan ari ƙaramin babur gobe in je."

Ta girgiza kai. "Ba ka san Bappa ba. In ya gan ka a kan na aro, cewa zai yi ladabin ma na aro ne, ranar da aka ɗaura aure za ka mayar wa mai shi. A kan wannan ka wuce shi. A kan wannan yake so ya ga ka tsaya."

Daga cikin gida Goggo Turai ta yi gyaran murya, alamar zancen ya isa haka.

Rumasa'u ta miƙe, ta kai bakin ƙofar shiga gida, sannan ta tsaya ba ta juyo ba.

"Na yi wa Inna kuka, na yi wa Goggo, duk sun ce maganar a hannun Bappa take. Ni iyakar ƙarfina ke nan. In Juma'a ta yi ba ka yi komai ba, kar ka ce ni ce ban riƙe ka ba."

Ta shige. Ya daɗe yana jin shessheƙarta a tsakar gida.

* * *

Washegari Alhamis, tun da hantsi ya isa garejin Nasiru da ke bakin titi a Karaye. Nasiru aminin marigayi Mujahid ne, kuma tun zuwan babur ɗin garin ba wanda ya taɓa sa masa sifana sai shi.

Lukumanu ya taka tsohuwar tayar motar da ya saba takawa a nan, ya sauka. Suka gaisa. Sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Yaya Nasiru, wai ana iya rage wa babur tsawo?"

Nasiru ya ajiye abin da ke hannunsa, ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"Alhamdu lillahi. Yau dai an yarda."

"Yarda da me?"

"Ƙanena, tayar nan da kake takawa, ka zaci mantuwa na yi na bar ta a nan? Saboda kai na hana a ɗauke ta."

Ashe kowa ya sani. Lukumanu ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya ba shi labarin Bappa Sulle a gajarce, Nasiru yana ji yana gyaɗa kai, yana danne dariya da ƙyar.

"Ana ragewa," ya ce. "Amma ka sani, abin da ya sa kake ratsa rafin Gwangwan da damina ba ka ji komai ba, tsawon nan ne. In na sauke shi, cikinsa zai riƙa gogar dutse. Wata hanyar sai ka zagaya."

"Zan zagaya."

"Soyayya ke nan. To kama min."

Suka ɗora cikin babur ɗin a kan wani gungumen icce, tayoyin suka ɗan saki ƙasa. Nasiru ya sassauta notin da ke riƙe da dogayen ƙarafa biyu na tayar gaba, ya zame su sama kaɗan, kan babur ɗin ya sunkuyo. Ya koma baya ya sassauta sifirin ɗin shokazoba, yana juyawa yana dannawa da gwiwar hannu. Aikin ya ci su har azahar. Da suka dawo daga masallaci suka zare gungumen, Nasiru ya riƙe kan.

"Hau mu gani."

Ya hau. Ya miƙa ƙafafu. Kan babban yatsansa na dama ya shafi ƙasa, na hagu yana lilo.

"A siminti ke nan," Nasiru ya ce. "A rairayin Beli wannan yatsan nutsewa zai yi, ka bi shi. Ƙarfe ya ba da iyakar abin da zai bayar, in na ƙara tayar za ta riƙa dukan ciki. Saura sit, wurin zama."

"Sit kuma?"

"A cire ledar, a yanke soson, a fere gefensa don cinyarka ta sauka sosai."

Lukumanu ya sauko a hankali, ya ɗora hannu a kan sit ɗin. A tsakiyarsa akwai ɗan kwarmi, wanda zaman Mujahid na shekaru ya yi. Duk ranar da ya hau, cikin kwarmin nan yake zama, yana ji kamar yayan nasa ne ya goya shi, kamar lokacin da yake kai shi makaranta yana cewa ya riƙe rigarsa da kyau. Kayan Mujahid duk an rabar. Wannan gurbin ne kaɗai ya rage mai siffarsa.

"Ban da nan, Yaya Nasiru." Ya dafe sit ɗin da hannu biyu. "Ko'ina ka taɓa, ban da nan."

Nasiru bai yi masa musu ba. Ya jingina babur ɗin da jikinsa, shi ma idonsa ya kawo ruwa.

"Ni na wanke gawar Mujahid, Lukumanu. Na san abin da kake ji. Amma wallahi da yana nan, dariya zai yi maka har ya kwanta a ƙasan garejin nan, in ya gama ya tashi ya yanka da hannunsa. Mutumin da yake cewa shi zai yi maka babban aboki? Ka bar yarinyar nan ta tafi saboda soso, ka ga in zai yafe maka."

Hawayen da Lukumanu yake riƙewa tun jiya suka zubo. Bai share ba. Nasiru ya mayar da babur ɗin kan gungume, ya kwance sit ɗin, ya ɓalle ledar, soson ya bayyana, rawaya, ya yi duhu a tsakiya.

"Ba ni wuƙar," Lukumanu ya ce.

Ya yi bismilla, ya yi wa yayansa addu'a a zuci, ya sa wuƙa. Nasiru yana nuna masa da yatsa inda zai bi. Soson yana zubowa a kan ƙafafunsa, shi kuma yana yanka yana jan hanci, har kwarmin ya ɓace. Suka goge shi da takardar yashi ya yi sumul, suka ja ledar suka mayar.

Da ya sake hawa, Nasiru ya zare gungumen ya saki kan.

Tafin ƙafarsa na dama ya zauna a ƙasa. Na hagu ma ya zauna.

Ya tsaya haka, shi kaɗai, ba tudu, ba taya, ba mai riƙe masa. Ya karkata dama ya dawo, ya karkata hagu ya dawo. Wata ajiyar zuciya ta fito masa wadda shi kansa bai san ya daɗe yana riƙe da ita ba. Kafaɗunsa suka sauka. Ashe duk tafiyar da yake yi tun bara, a tsorace yake yin ta.

"Yaya ka ji?"

"Kamar na sauke buhun gyaɗa daga ka."

"To me kake jira? La'asar ta kusa, dattawa suna fitowa."

Ko sauka bai sake yi ba. Ya sa hular kwano, ya tayar, ya ɗauki hanyar Rogo.

* * *

A wani ɗan rafi kafin Beli cikin babur ɗin ya daki dutse, ƙarar ta ratsa shi har haƙora. Da can ko sanin dutsen yana nan bai yi ba. Ya sauke ƙafa cikin ruwan, ya tura, ya fita. Ya tsaya ya yi la'asar a bakin hanya, a fili, ya jingina babur ɗin da wata bishiya, don kawai yanzu yana iya tsayawa inda ya ga dama.

Daga nesa ya hango ɗorawar. Dattawa huɗu a kan tabarmi, Bappa Sulle a tsakiya da farin rawaninsa da sanda a gefe. A bakin tabarma ga Nuruddeen cikin shadda mai sheƙi, yana zuba musu shayi.

 Daidai bakin gonar gyaɗa ya taka birki, ya sauke ƙafa biyu cikin rairayi. Suka riƙe shi.

Ya kashe injin, ya sauka, ya tura. Babur ɗin nauyi ne da shi kamar ɗan maraƙi, rairayin yana riƙe tayoyin, gumi yana bin bayansa, amma bai tsaya ba sai da ya kai inuwar. Hirar dattawan ta yanke. Ya sa ƙafa ya buɗe jak, ƙarfen da babur yake jingina a kai, ya kafe shi, ya cire hular kwano, ya tuɓe takalmi, ya tako ya durƙusa har gwiwarsa ta nutse.

"Salamu alaikum. Barkanku da hutawa. Bappa, ina wuni?"

Bappa Sulle ya daɗe yana kallonsa kafin ya amsa. "Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya ibada? Yaya damina?"

A nan ne ya ji wani ɗan ƙara a bayansa. Inuwar babur ɗin da ke gefensa a kan rairayi ta fara motsi.

Nan take ya gane. An sauke babur, amma ba a rage jak ba. Ƙarfen ya yi masa tsawo yanzu, maimakon babur ɗin ya kwanta a kansa sai ya tsaya ƙyam, har yana tura shi ɗaya gefen. Da ya zabura a lokacin, da ya tare shi. Taku biyu ne tsakaninsu.

Bappa yana tsakiyar amsawa. "Damina mun gode Allah, ruwa ya yi..."

Lukumanu bai motsa ba.

Babur ɗin ya tafi gaba ɗaya ya faɗi. Ƙasa ta amsa, madubi ya tarwatse, kajin da ke kiwo a wurin suka watse. Ɗaya daga cikin dattawan ya yi salati. Nuruddeen ya miƙe da butar shayi a hannu.

"Malam, babur ɗinka fa ya faɗi."

Lukumanu ya ji faɗuwar nan a cikin ƙirjinsa, kamar Mujahid ne ya faɗi. Warin fetur ya iso hancinsa. Ya ci gaba da gaisuwa, idonsa a kan tabarma.

"Madalla, Bappa. Yaya shanu? Yaya mutanen gida?"

Wani abu ya gilma a fuskar tsohon. Ya gyara zama, ya jawo sandarsa ya ɗora a cinya.

"Shanu lafiya. Yaya mahaifiyarka?"

"Tana lafiya, tana gaishe ku."

"Ƙafar tata da sauƙi?"

"Da sauƙi, Bappa."

"Kawunka fa? Ya koma lafiya rannan?"

"Lafiya lau."

Haka Bappa Sulle ya bi gidansu Lukumanu ɗaki ɗaki. Ya tambayi matar kawu, ya tambayi masu goyo, ya tambayi limamin unguwarsu, ya tambayi ko dawar Yola ta fara fitar da kai. Ba ya sauri. Fetur yana tsiyaya cikin rairayi, gwiwoyin Lukumanu suna zafi, yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, bai waiwaya ko sau ɗaya ba.

Sai da tsohon ya rasa wanda zai tambaya, sannan ya miƙa wuya ya kalli babur ɗin.

"Da ka turo shi na ga kamar ya gajarce. Ko idona ne?"

"Rage shi aka yi, Bappa. Yau."

"Saboda me?"

Ga Nuruddeen a tsaye. Ga dattawa sun zuba ido. Abin da ya ce ba zai taɓa faɗa ba ke nan, amma da ya buɗe baki sai ya ji maganar ta fito ba wuya.

"Ƙafata ce ba ta kai ƙasa. Na yayana ne, shi dogo ne. Duk wucewar da nake yi, tsoro nake ji kar in tsaya in faɗi a gabanku. Surin bayan gida nake zuwa in taka. Ku yafe ni."

 Sai Bappa Sulle ya juya ga tsohon da ke damansa ya faɗi wata magana da Fillanci, su biyun suka tuntsire da dariya, har Bappa yana share ido da bakin rawani. Sauran ma suka kama. Lukumanu ya jira kunyar da yake tsoro ta rufe shi, amma ba ta zo ba. Dariyar ba ta da ƙaya.

"Yaro, yaro," Bappa ya ce yana girgiza kai. "Ni ina nan ina cewa girman kai ne ya yi maka yawa, ashe ƙafa ce ta yi maka kaɗan. Da ka faɗi a gabana tun ranar farko, ai da mun ɗaga ka, an wuce wurin."

"Kunya ce, Bappa."

"Kunyar ta kusa ja maka." Ya nuna da sanda. "Nuruddeen, ajiye butar nan ka kama masa, man yana zubewa."

Nuruddeen ya ajiye butar a hankali, fuskarsa ba annuri. Suka kama tare, shaddar tana shafar taɓon taya, suka ɗaga babur ɗin suka jingina shi da ɗorawar.

"Kawu," Nuruddeen ya ce ƙasa ƙasa, "maganar gobe fa?"

"Gobe Juma'a ce, za mu yi salla. Ka gaya wa mahaifiyarka zan shigo Rogo da kaina mu yi magana."

Nuruddeen ya koma bakin tabarma ya zauna.

Daga bayan katangar gidan aka ji ƙarar kwano ya faɗi, da sawun wadda ta ruga ciki da gudu. Bappa Sulle ya yi kamar bai ji ba. Ya matsa gefe, ya daki tabarmar da tafin hannu, kusa da shi.

"Zo ka zauna, gwiwarka ta huta. In ka koma ka ce wa kawunka ya dawo, rannan ban ba shi ko ruwa ba."